Yadda za ka shirya wa yara wasannin Inuit da hoki a farfajiyar makaranta a Legas

Duk malamin da ya taɓa riƙe darasin motsa jiki a Agege ko Idi-Araba ya san babbar damuwarmu fili ce. Makarantar da nake koyarwa tsohon gidan haya ne aka yanka shi azuzuwa. Farfajiyar siminti ce, tankin ruwa ya cinye kusurwa ɗaya, janareta ya cinye ɗaya, in kuwa aka buga ƙwallo sau biyu, ta uku tana kan kwanon maƙwabta. Shi ya sa na koma neman wasannin da tun asali don matsattsen wuri aka yi su, kuma mafi dacewa da na samu su ne na Inuit, mutanen can ƙuryar arewacin duniya, wato arewacin Kanada da Alaska da Girinlan.

A ƙasarsu akwai wuraren da rana ke yin makonni ba ta leƙo ba a tsakiyar hunturu, kuma guguwa kan tsare mafarauci a ɗaka kwana da kwanaki. Ɗakin ƙarami ne, wani lokaci na tubalin dusar ƙanƙara. Idan jama'a ta taru sukan gina babba da suke kira qaggiq, a zauna a kewaye, mutum ɗaya ko biyu su fito tsakiya su gwada ƙarfi ko tsalle ko juriya. Kusan kowane wasa yana horar da wani abu da farauta ke bukata. Wasannin ba su mutu ba. Tun 1961 ake gasarsu kowace shekara a Alaska, wadda aka faro a birnin Fairbanks, kuma suna cikin gasar hunturu ta yankin Arctic da aka buɗe a Yellowknife a 1970, wadda ake yi duk bayan shekara biyu.

Kayan aiki

Ba sai ka je wa shugaban makaranta da dogon lissafi ba. Ka nemi gora mai tsawo ɗaya, igiya siririya, alli, tef irin na tela, sandar tsintsiyar mofa mai ƙwari, da tabarmar roba biyu ko uku. In akwai tsohuwar katifa a sito, ka fito da ita a shanya. Abin da ake harbi da ƙafa, su Inuit daga fatar sil suke ɗinka shi, wata dabbar teku mai kitse da suke farauta, kuma sukan yi shi da siffarta. Mu tela ne ya ɗinka mana ɗan ƙunshi kamar dunƙulen hannu daga ragowar yadi, aka cusa masa soso. Ka ɗaure gorar a kwance a jikin ƙarfen baranda yadda bakinta zai leƙo fili, ka ratayo igiyar ta kanta, ƙunshin yana lilo a ƙasa, ɗaya bakin igiyar kuma yana hannunka don ɗagawa da saukewa. Kada ka rataye shi dab da bango. Yaron da ya harba ya kuskure baya yake faɗuwa, wanda ya yi gaba kuma bangon zai tara.

'Yan mata suna yin dukkan wasannin da zan ambata, kuma a tsalle sau da yawa sun fi maza natsuwa. Su sa wando a ciki, a ba su nasu lokacin tare da malama, shi ke nan.

Fara daga ƙasa

Wasan farko da nake buɗewa da shi tsallen durƙuso ne, domin babu yaron da ke jin tsoronsa. Ka ja layi da alli a bakin tabarma. Yaro ya durƙusa gwiwoyinsa a bayan layin, ya zauna a kan dugadugansa, bayan ƙafafunsa a shimfiɗe a ƙasa. Nan ne wurin lura, don yara kan so su kafa yatsun ƙafa su tunkuɗa da su, wannan kuwa cuta ce. Ya yi lilo da hannuwa sau biyu ko uku, ya zabura gaba, ya sauka a tsaye a kan ƙafa biyu lokaci ɗaya, ya tsaya cak. In ya dafa ƙasa ko ya ƙara taku, tsallen ya ɓaci. Ana aunawa daga layi zuwa diddigen da ya fi kusa. Bayanin da Inuit ke yi shi ne mutum yana durƙushe a kan ƙanƙara yana fiɗa ko kamun kifi, ƙanƙarar ta tsage a ƙarƙashinsa, ba shi da lokacin miƙewa sannu a hankali. Ka gaya wa yara wannan kafin su fara. Na lura tsallen yakan canza da zarar sun san abin da ake gudu.

Daga nan sai harbin sama, wanda shi ne sarkin wasannin. Iri uku ne, kuma ina ba da shawara ka bi su a wannan jeri.

Na ƙafa biyu: yaro ya yi ɗan gudu taku uku ko ya tsaya wuri ɗaya, ya tashi da ƙafa biyu a haɗe, ya taɓa ƙunshin ƙafafun suna jere da juna, ya sauka a kan biyun ba tare da tangaɗi ba. Ka fara rataye shi daidai gwiwar yaron, kada ka ji kunyar hakan. Sirrin yana ciki da hannuwa. Jiki naɗewa yake yi a sama, hannuwa su sauko ƙasa da ƙarfi a daidai lokacin da ƙafafu ke tashi. Yaron da ke jefa kansa baya yana neman tsayi, ka tsayar da shi nan take ka sauke ƙunshin, domin faɗuwar ƙeya a kan siminti ba abin wasa ba ce. Katifar a bayansa za ta kasance, ba a gabansa ba.

Na ƙafa ɗaya ya fi wuya fiye da yadda ido ke gani. Ana tashi da ƙafa biyu, a taɓa ƙunshin da ƙafa ɗaya, sannan a sauka a kan wannan ƙafar da ta yi harbin, ita kaɗai, a tsaya har alƙali ya gamsu. Duk wanda ya yi langa yana yaro a arewa zai gane wahalar saukar tun kafin ya gwada, kuma 'ya'yan da aka kai hutu gida suka koyo langa su ne ke fara kama wannan wasa. Yadda nake koyar da shi, sai na ajiye ƙunshin gefe tukuna. Yara su yi ta tashi da biyu suna sauka da ɗaya har idon sawu ya saba, dama da hagu. Bayan nan a ƙara ɗaga ƙafar a iska. Sai a ƙarshe ƙunshi ya dawo. A gasa kowa dama uku yake da ita a kowane tsayi, wanda ya kasa ya fita, a ɗaga kaɗan a ci gaba. Ni ina ɗagawa da santimita 5 ga 'yan firamare. Gwanayen Alaska da Kanada suna taɓa abin da ke rataye kusan mita 3 daga ƙasa, abin da ya ɗara silin ɗin yawancin ɗakunan hayarmu. Ana faɗin cewa a da, mai kawo labari daga wurin farauta yakan yi irin wannan tsalle tun daga nesa don mutanen gari su hango su san an yi sa'a, su fito da kayan ɗauko nama.

Na uku, wanda ake jingina wa Alaska, daga zaune ake yinsa. Yaro ya zauna, ya riƙe ƙafar hagu da hannun dama, ya kafa tafin hannun hagu a bayansa. Ya ɗaga jiki a kan wannan hannun, ya harba ƙafar dama sama ta taɓa ƙunshin, ya dawo a kanta ba tare da ya saki ƙafar da ya riƙe ba, ba tare da mazaunansa sun taɓa ƙasa ba. Bahago ya juya. Wannan na manyan aji ne, kuma wanda ya taɓa gocewar wuyan hannu ya zauna ya riƙe mana tef.

Akwai wata ɗabi'a a gasannin nan da nake so ka dasa tun ranar farko. Ɗan wasa in ya kuskure, abokin hamayyarsa ne ke matsowa ya ce masa ka matsa baya kaɗan, ko ka yi saurin tashi. Mutanen da rayuwar kowa ta rataya ga ƙwarewar ɗan'uwansa a wurin farauta ba su ga ribar ɓoye dabara ba. A farfajiyarmu na mayar da ita doka: wanda ya tsallake tsayi, shi zai tsaya wa na bayansa ya gyara masa tsayuwa. Yaran Legas da baki, da farko tsokana suke mayar da abin. Ka daure, suna dainawa.

Wasannin ja

Idan ƙafafu sun gaji sai a zauna. Yara biyu su fuskanci juna a tabarma, tafin ƙafa a jikin tafin ƙafa, gwiwa a ɗan lanƙwashe, su riƙe sandar mofa a gicciye a tsakaninsu, ɗaya hannuwansa a ciki, ɗaya a waje. Ka ce ja, su ja a hankali babu fizga. Wanda aka ɗaga daga zaune ko sandar ta kuɓuce masa ya faɗi. A sauya riƙo a sake, wanda ya ci biyu cikin uku ya yi nasara. Horon jawo sil ne daga ramin ƙanƙara. Ka haɗa yara bisa nauyi, kada ka bi aji, don a aji ɗaya za ka tarar da ɗan shekara tara da ɗan sha uku.

Akwai waɗanda na karanta na ajiye, kuma ina roƙonka ka ajiye su. Jan kunne, inda ake saƙala zare a kunnuwan mutum biyu su ja har ɗaya ya sallama, gwajin jure zafin da sanyi ke yi wa kunne ne, kuma manya ma jini suke fitarwa. Tsallen sil, inda mutum ke kwanciya rub da ciki ya riƙa tsalle a kan gaɓoɓin yatsun hannu da yatsun ƙafa, gwanaye suna wuce mita 50 a haka, amma a kan katako suke yi kuma hannuwansu a saɓe suke tashi. A simintinmu kuwa za ka wuni kana yi wa iyaye bayani. In yara sun matsa, su yi da tafin hannu a kan tabarma. Haka nan cilla mutum sama da shimfiɗar fata, wanda Inupiat, wato Inuit na Alaska, ke yi a bikin Nalukataq bayan farautar wel, ƙatuwar dabbar teku mai siffar kifi: yana bukatar mutane da yawa da suka san aikin, da fata mai ƙwari. Zanin gado ba zai yi ba.

Ranar da ruwan Legas ya hana fita, akwai ajagaq. Ƙashi ne mai huji aka ɗaure shi da zare a jikin tsinke, a cilla shi sama a cafe da bakin tsinken. Wani uba da ke aiki a mayankar Oko-Oba ya kawo mana ƙasusuwan bayan rago, muka dafa, muka kankare, muka shanya. Hujin tsakiya yana nan tun daga Allah. A dakushe bakin tsinken, zaren kuma kada ya wuce kamu ɗaya da rabi.

Tambayar hoki

Da zarar ka ce ƙanƙara da Kanada, wani yaro zai ɗaga hannu ya ce, “Malam, su ne suka ƙirƙiro ƙwallon gorar nan ta kan ƙanƙara?” Ka shirya amsa, domin intanet cike take da masu cewa e kai tsaye.

Gaskiya ne Inuit suna da wasan ƙwallo a kan ƙanƙara tun da daɗewa. Ƙwallon fata ce da ake cusa wa gashi ko gansakuka, ana bugawa da ƙafa, gari guda ya rabu biyu, maza da mata da yara. Har a tatsuniyarsu ana cewa hasken nan mai rawa da ake gani a samaniyar arewa da dare matattu ne ke wasan ƙwallo da ƙoƙon kan wolrus, wata dabbar teku mai dogayen haure. Amma hokin da ake kallo a talabijin, sawunsa da ke rubuce ta wata hanya ya biyo.

Buga ƙwallo da lanƙwasasshiyar sanda tsohon abu ne a Turai. Mutanen Ailan suna da hurling, na Sikotlan suna da shinty, a Ingila akwai bandy, kuma zanen masu zane na Holan na ƙarni na 17 yana nuna mutane da sanduna a kan daskararrun magudanan ruwa. An buga wani littafin wasannin yara a Landan a 1773 da ya yi bayanin hoki da sunansa. A 1825 John Franklin, jami'in sojan ruwan Ingila da ke binciken arewacin Kanada, ya rubuta a wasiƙa cewa mutanensa suna wasan hoki a kan ƙanƙara a wurin da ake kira Deline yanzu, a gaɓar tafkin Great Bear. Sojoji da masu ƙaura daga Birtaniya su suka tsallaka da waɗannan wasanni, suka tarar da ƙasar da tafkunanta ke daskarewa watanni.

Inda hannun 'yan asalin ƙasa ya fito fili shi ne lardin Nova Scotia a gabashin Kanada, kuma Mi'kmaq ne, wata al'umma daban da Inuit, masu wani harshe, mazauna kudu da su nesa. Suna da nasu wasan sanda, kuma su ne gwanayen sassaƙa sandar hoki daga itace guda mai lanƙwasa tun daga saiwa. Kamfanin Starr na garin Dartmouth, wanda ya yi suna da takalman zamiya masu ƙarfe, ya daɗe yana sayar da sanduna da sunan Mic-Mac. In za ka koya wa yara abu ɗaya a nan, ka koya musu kada su cusa al'ummomin nan a buhu ɗaya.

Garuruwa da dama, irin su Windsor da Halifax da Kingston, kowanne na cewa a wurinsa aka haifi wasan. Ranar da ba a jayayya a kanta ita ce 3 ga Maris 1875, lokacin da James Creighton, mutumin Halifax, ya shirya wasa a cikin rufaffen dandalin zamiya na Victoria a Montreal, mutum tara-tara, aka tashi 2 da 1. Abin da ya fi burge ni shi ne matsalarsu irin tamu ce. Ƙwallo tana tashi ta bugi 'yan kallo, don haka suka ajiye ta suka yi amfani da faifan katako mai shafaffen ciki da baya, wanda ke zamewa a ƙasa. Daga shi faifan roba na yau ya samo asali. A 1877 jaridar Gazette ta Montreal ta buga dokokin wasan. Lord Stanley, gwamna janar na Kanada, ya ba da kofin zakarun hoki mai ɗauke da sunansa a 1892, aka fara miƙa shi a 1893, aka kafa NHL, babbar gasar ƙwararrun hoki ta Kanada da Amurka, a 1917, wasan ya shiga Olamfik a 1920. Ɗan Inuit na farko da ya buga NHL shi ne Jordin Tootoo, wanda ya tashi a Rankin Inlet a yankin Nunavut, a 2003. Kafin shi ma wani haifaffen Zariya, Rumun Ndur, ya riga ya buga gasar. Jarome Iginla kuwa, wanda ya daɗe yana kyaftin ɗin ƙungiyar Calgary Flames ta NHL ya kuma ci zinare biyu a Olamfik, mahaifinsa Bayarabe ne ɗan Najeriya. Idan na faɗi wannan, yaranmu da na maƙwabta kowa sai ya sami abin tinƙaho.

Yadda za a buga a siminti

Dabarar Creighton za ka ara. Ka kai wa mai faci tsohon silifa mai kauri ya yanko maka da'ira, faɗinta kamar santimita 7 da rabi, wato girman faifan gaske. In ɗaya ya yi sakayau, a manne biyu da gam. Yana zamewa a busasshen siminti, ba ya tashi, kuma in ya sami ƙauri ba ya karya kowa. Sanduna daga ragowar bututun roba na masu aikin famfo muke yi: a gasa baki ɗaya a wuta kaɗan, a lanƙwasa, a danne ya baje, a naɗe da tef. Wannan aikinka ne kai malam, ba na yara ba. Tsayin sanda ya tsaya a ƙugun yaro.

Tara-tara ba za su shiga farfajiyarmu ba, shida-shida na yau ma sun yi yawa. Uku-uku muke yi babu gola, raga kuma galan biyu ne na ruwa da tazarar taku ɗaya. Minti biyar a sauya rukuni, don kowa ya samu. Daga dokokin 1877 na ɗauko waɗanda suka dace: ba a ɗaga sanda sama da kafaɗa, ni ma na sauko da ita zuwa gwiwa, ba taɗiya, ba riƙe wuyan riga, ba bangaza ta baya. Wanda ya karya ya fita minti ɗaya, rukuninsa su ci gaba a biyu.

Dokar da ta fi ba yara mamaki ita ce a wancan zamani ba a miƙa faifai gaba, sai gefe ko baya, kamar a rugbi. Ka gwada zagaye ɗaya da wannan doka, sannan ka ɗage ta a zagaye na biyu. A na farkon za ka ga mai faifai dole ya kutsa da kansa, saura suna biye da shi a baya. A na biyun fili zai buɗe, yaron da bai iya yanka ba amma ya iya tsayuwa a wurin da ya dace zai fara cin ƙwallo. Ka share simintin da tsintsiya kafin a fara, domin yashi yana tsayar da faifan, kuma in an yi yayyafi a haƙura sai ya bushe sarai.